Ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na ɗalibai baƙaƙen fata a Amurka: me suka gadar, kuma me ya raba su da ƙungiyoyin asiri?

Baban Safiyya ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da tambaya da na daɗe ina juyawa a raina, kuma ina fatan waɗanda suka zauna a Amurka ko suka nazarci tarihinta za su haska mini. A lokacin yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa na 2024, kafofin yaɗa labarai sun yi ta nanata cewa Kamala Harris 'yar ƙungiyar Alpha Kappa Alpha ce tun tana ɗaliba a Jami'ar Howard, aka kuma nuna dubban mata cikin tufafi ruwan hoda da kore suna tarbarta da murna a babban taronsu. Da na bi diddigi sai na tarar ƙungiyoyi tara ne irin wannan, biyar na maza, huɗu na mata, dukkansu masu sunaye da haruffan Girka, kuma ana lissafa mutane irin su Martin Luther King da Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zama alƙali a Kotun Ƙolin Amurka, a cikin 'ya'yansu.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mu a Najeriya, da zarar an ambaci ƙungiyar ɗalibai mai rantsuwa, mai alamomin hannu da launin tufafi na musamman, mai sirrin da ba a faɗa wa bare, to abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne ƙungiyoyin asiri da suka addabi jami'o'inmu da kashe-kashe. Ta yaya abu mai wannan kama ya zama abin alfahari a can, har alƙalai da likitoci da 'yan majalisa suke sa rigarsa a bainar jama'a? Shin waɗannan ƙungiyoyi sun yi wani aiki na zahiri a gwagwarmayar baƙaƙen fata, ko kuwa sunayen manya kawai suke jingina da kansu? Kuma tun da yaranmu da dama suna zuwa karatu can, ya kamata iyaye su san mene ne abin kafin wata rana yaro ya bugo waya ya ce an gayyace shi.

Malam Mai Alli ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Baban Safiyya. Wannan tambaya ba za ta amsu ba sai an koma ga halin da ɗalibi baƙar fata yake ciki a farkon ƙarni na 20. A 1896 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta ware baƙaƙen fata daga farare a wuraren jama'a, kuma ko a jihohin arewa, inda wasu jami'o'i suke karɓar baƙar fata jefi-jefi, karɓar ta tsaya ne a ƙofar aji. Turawa sun daɗe da ƙungiyoyin ɗalibai masu sunan haruffan Girka, tun daga Phi Beta Kappa da aka kafa a 1776, kuma a lokacin da muke magana a kai gidajen irin waɗannan ƙungiyoyi su ne wurin kwanan ɗalibi da cin abincinsa, kuma a nan yake ƙulla sanayyar da za ta sama masa aiki gobe. Duk wannan a rufe yake ga baƙar fata. Shi ya sa a ranar 4 ga Disamba 1906 samari bakwai a Jami'ar Cornell da ke jihar New York suka mayar da ƙungiyarsu ta bitar karatu zuwa Alpha Phi Alpha, bayan sun ga yadda 'yan'uwansu da suka riga su zuwa suke barin makarantar ɗaya bayan ɗaya saboda kaɗaici da rashin mataimaki.

Sauran sun biyo baya a jere. Mata sun kafa Alpha Kappa Alpha a Howard a Janairun 1908 ƙarƙashin jagorancin Ethel Hedgeman. A 1911 aka sami Kappa Alpha Psi a Jami'ar Indiana, inda ɗalibi baƙar fata ba ya samun ɗaki a gidajen kwanan makaranta, sannan Omega Psi Phi a Howard a watan Nuwamban shekarar. Delta Sigma Theta ta fito a 1913, Phi Beta Sigma a 1914, Zeta Phi Beta a 1920, dukkansu a Howard, wato biyar daga cikin taran a wannan jami'a guda ta birnin Washington aka haife su. Sigma Gamma Rho kuwa malaman makaranta mata bakwai ne suka kafa ta a Jami'ar Butler da ke Indianapolis a 1922, daidai lokacin da Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin jinin baƙaƙe, take tashe a jihar Indiana, har jagoranta na jihar yana zaune a unguwar da jami'ar take. Ta ƙarshe, Iota Phi Theta, sai a 1963 aka kafa ta a kwalejin Morgan State ta Baltimore. Tun 1930 suke da majalisar haɗin gwiwa, kuma a yau ana yi musu laƙabi da Divine Nine, wato Tara Masu Alfarma.

Game da aiki na zahiri, bari in tsaya a kan abin da ƙungiyoyin suka yi da sunansu da kuɗinsu, don kada a ce sunayen manya nake jerowa. 'Yan mata 22 da suka kafa Delta sun fito ne daga Alpha Kappa Alpha, domin suna son ƙungiya mai tsoma baki a harkokin jama'a, kuma ba su cika wata biyu da kafuwa ba suka shiga jerin gwanon neman 'yancin jefa ƙuri'a ga mata a Washington ranar 3 ga Maris 1913, a taron da wasu daga cikin masu shirya shi ba su so ganin baƙar fata a cikinsa ba. A 1937 Delta ɗin ta fara aikin kai littattafai ƙauyukan kudancin ƙasar, inda ɗakunan karatu na gwamnati ba sa barin baƙar fata ya shiga.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne aikin lafiya da Alpha Kappa Alpha ta fara a jihar Mississippi a 1935, ƙarƙashin likita Dorothy Ferebee. Matan sun tuƙa motocinsu tun daga Washington, da niyyar buɗe ƙananan asibitoci a gundumar Holmes domin yi wa yara allurar rigakafin mashaƙo da agana. Da suka isa sai masu manyan gonakin auduga suka hana manoman da ke aiki a ƙarƙashinsu barin gona su je asibitin. Maimakon su tattara su koma, sai suka loda magunguna a motocin suka riƙa bin gonakin, suna kafa tebur a harabar coci ko a inuwar bishiya. Haka suka riƙa komawa duk lokacin hutun bazara har zuwa shigar Amurka Yaƙin Duniya na Biyu, suka yi wa dubban yara rigakafi. Waɗannan malamai ne da ma'aikatan jinya da suke da albashinsu da rufin asirinsu a birni, kuma babu abin da ya tilasta musu shiga jihar da ake iya kashe baƙar fata a kan ƙaramin abu.

A ɓangaren maza, Alpha Phi Alpha ta yi shekaru tana gangamin jan yara zuwa sakandare da jami'a, sannan a shekarun 1930 ta ɗauki batun rijistar masu zaɓe. Ita ce ta ɗauki nauyin shari'ar Elmer Henderson, wanda aka hana abinci a taragon cin abinci na jirgin ƙasa a 1942. Lauya Belford Lawson, shugaban ƙungiyar a lokacin, ya kai maganar Kotun Ƙoli, aka yi nasara a 1950, shekara huɗu kafin hukuncin da ya soke wariya a makarantu. Ita ce kuma Majalisar Dokokin Amurka ta ba izini a 1996 ta jagoranci gina dandalin tunawa da King a Washington, wanda aka yi bikin ƙaddamar da shi a Oktoban 2011. Omega Psi Phi kuwa, da ƙarfafawar masanin tarihi Carter Woodson, wanda ɗanta ne, ta fara ware mako guda na tarihi da adabin baƙaƙen fata a farkon shekarun 1920, kafin Woodson ya ƙaddamar da makon tarihi nasa a Fabrairun 1926, wanda ya zama wata guda cur a 1976.

A ganina, babban abin da suka gadar shi ne tsari: mutane masu ilimi da suka ɗaure kansu da alƙawarin biyan kuɗi, halartar taro da yin hidima har ƙarshen rayuwa, a zamanin da gwamnati da sauran cibiyoyin ƙasa suka juya wa al'ummarsu baya.

Maman Khalil ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Malam ya kawo tarihi, ni kuma zan faɗi abin da idona yake gani, domin ina aikin jinya a jihar Maryland, kuma yawancin abokan aikina mata baƙaƙen fata ne 'yan asalin ƙasar. Abu na farko da ya kamata Baban Safiyya ya gane shi ne, ƙarfin waɗannan ƙungiyoyi ba a harabar jami'a yake ba. Reshen ɗalibai sau da yawa ƙarami ne, amma a kusan kowane birni akwai reshen waɗanda suka gama karatu, kuma a nan ake samun shugabannin makarantu, lauyoyi, fastoci, hafsoshin soja da suka yi ritaya. Mutum yana iya shiga ma bayan ya gama jami'a da shekaru. Idan kana neman abin da ya fi kusa da su a wurinmu, to ka dubi ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Barewa, sai dai ka ƙaddara tana da reshe a kowane gari, tana taro duk wata, kuma tana binciken wanda bai biya kuɗinsa ba.

Akwai wata babbar ma'aikaciyar jinya da muke aiki tare, ta haura shekara sittin, 'yar Delta ce tun tana budurwa. Ranar Asabar za ka same ta da 'yan'uwanta cikin jajayen riguna a filin ajiye motoci na wata makaranta, sun jera tebura: a nan ana auna hawan jini, a can ana cike wa matasa takardar rijistar zaɓe, a gefe kuma ana koya wa iyaye yadda ake neman tallafin karatun jami'a. Takan zo aiki ranar Litinin da muryarta a dashe, amma ban taɓa jin ta kira abin da sunan taimako ba, cewa take yi bashi ne take biya. Lokacin da wata abokiyar aikinmu 'yar Alpha Kappa Alpha ta rasu, na je ta'aziyya, na ga mata cikin fararen kaya sun cika gaban ɗakin, wasu da sandar dogarawa, wasu ba su wuce sa'ar 'yata ba, da yawansu ba su taɓa haɗuwa da marigayiyar ba. Sun yi mata bankwana irin nasu, aka karanta tarihin hidimarta, suka rera waƙarsu a hankali, kuma bayan an watse su ne suka riƙa zirga-zirga a gidan da abinci har tsawon makonni.

Ta fuskar siyasa, ƙungiyoyin a hukumance ba sa goyon bayan jam'iyya, abin da suke yi shi ne rijista da fitar da mutane ranar zaɓe, amma kowa ya san nauyinsu. Da aka ɗauki Kamala Harris a matsayin mataimakiyar ɗan takara a 2020, sai gudummawar dala 19 da santi 8 ta riƙa kwarara cikin asusun yaƙin neman zaɓen, wato nuni ga shekarar 1908. A Yulin 2024 kaɗai ta yi jawabi a manyan tarukan Alpha Kappa Alpha a Dallas, da Zeta Phi Beta a Indianapolis, da Sigma Gamma Rho a Houston. Ɗan siyasa ba ya ɓata lokacinsa haka a wurin da babu ƙuri'a. Duk da haka ta faɗi zaɓen, wanda ya nuna cewa tasirin nasu yana da iyaka: suna iya tara kuɗi da fitar da nasu, amma ba su ne ƙasar ba.

Sai kuma abin da matasa suka fi gani, wato rawar da suke yi ta buga ƙafa a ƙasa da tafi da dukan ƙirji da cinya a tare, ba ganga ba kiɗa, jiki ne kawai yake ba da sauti. 'Yan Kappa suna juya sanduna masu ratsin ja da fari, 'yan Omega cikin shunayya da ruwan zinariya suna tsalle da takalman soja. Wannan rawa ta fita daga jami'a ta shiga makarantun sakandare da coci-coci, har ta zama wani ɓangare na al'adar baƙaƙen fatar Amurka gaba ɗaya.

Ɗan Sakkwato ya amsa:

Da izinin Malam da Hajiya, ina ganin tsoron Baban Safiyya yana da tushe, kuma bai kamata a lulluɓe shi da kyawawan ayyuka ba. An daɗe ana gwale-gwale ga masu neman shiga waɗannan ƙungiyoyi: duka da katako, hana barci, tsayuwar dare, wulaƙanci iri-iri na makonni, da sunan gwada haƙuri da ɗinke zukata. A 1989 wani ɗalibi ya mutu a kwalejin Morehouse ta Atlanta yana neman shiga Alpha Phi Alpha, abin da ya sa shugabannin ƙungiyoyin suka soke tsohon tsarin karɓar sababbi a 1990. Sokewar ta kasance a takarda, amma al'adar ta koma ɓoye, inda babu mai sa ido. A 1994 aka doki wani ɗalibi har lahira a wata jami'a ta jihar Missouri a wajen neman shiga Kappa Alpha Psi, kuma a Fabrairun 2025 wani ɗalibin Jami'ar Southern da ke Baton Rouge ya rasu bayan an naushe shi a ƙirji a wani rumbun ajiye kaya, a cewar 'yan sanda, yana neman shiga Omega Psi Phi. Abin baƙin ciki, har yanzu a wasu rassa ana raina wanda ya shiga ta hanyar da doka ta tsara, ana ganin bai sha wahalar da za ta sa ya zama cikakken ɗa ba. Uwar da aka kawo wa gawar ɗanta ba ta da buƙatar a karanta mata tarihin 1906.

Kada kuma mu manta cewa namu ma da kyakkyawar niyya suka fara. Wole Soyinka da abokansa shida sun kafa Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1952 domin yaƙi da ƙabilanci da girman kan ɗaliban da ke kwaikwayon Turawa. Daga baya aka yi ta rarrabuwa, sababbi suka ɓullo, makamai suka shigo, har aka kai ga daren 10 ga Yuli 1999 da aka kashe ɗalibai biyar a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife. Duk inda aka haɗa sirri da ƙuruciya da biyayya ga na gaba ba tare da tambaya ba, haɗarin yana nan.

Batu na biyu shi ne na fifiko. A lokacin da aka kafa ƙungiyoyin nan, baƙaƙen fatar da suka taka jami'a 'yan ƙalilan ne, don haka tun asali taron zaɓaɓɓu ne, kuma an daɗe ana zargin wasu rassa da fifita masu hasken fata da 'ya'yan masu hali. Masanin zamantakewa Franklin Frazier na Jami'ar Howard, wanda shi kansa ɗan Alpha ne, ya caccaki wannan aji na masu hannu da shuni a 1957, yana ganin sun fi ba da ƙarfi ga liyafa da nuna isa. Shi ma masani kuma ɗan gwagwarmaya W.E.B. Du Bois, wanda a 1903 ya yaɗa ra'ayin cewa kashi ɗaya cikin goma masu ilimi su ne za su ja sauran, ya dawo a 1948 ya yi wa wannan ra'ayi nasa gyara a gaban taron Sigma Pi Phi, ƙungiyar manyan ma'aikata da aka kafa a Philadelphia a 1904, domin ya ga ilimi ba ya hana son kai.

Sannan jerin sunayen da ake alfahari da su yana buƙatar tacewa. King ya shiga Alpha ne a Boston a 1952 yana ɗalibi, wannan gaskiya ne, haka ma Marshall a Jami'ar Lincoln. Amma fitattun 'yan gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙen fata Rosa Parks da Fannie Lou Hamer mambobin karramawa ne, an ba su rigar ne bayan duniya ta san su. Hamer a gonar auduga ta tashi, ba ta yi nisa a makaranta ba, kuma da ta nemi shiga tun tana budurwa ba ta cika sharaɗi ba. Waɗanda suka yi kwana 381 suna tafiya a ƙasa a birnin Montgomery don ƙaurace wa motocin haya masu nuna wariyar launin fata, yawancinsu masu aikatau ne da leburori da ba su san harafin Girka ko ɗaya ba.

Baban Safiyya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Maganar Ɗan Sakkwato ta sa na ƙara neman bayani a kan abu biyu. Malam, tun da su ma namu da niyyar kirki suka faro, mene ne ya hana na Amurka bin hanyar da namu suka bi? Kuma na ji ana cewa wasu shugabannin Afirka sun shiga irin waɗannan ƙungiyoyi, shin haka ne? Hajiya kuma, ke da kike cikinsu, yaya batun rantsuwar da addu'o'insu yake ga yaro Musulmi?

Malam Mai Alli ya sake amsawa:

Ban musa ko ɗaya daga cikin abin da Ɗan Sakkwato ya kawo ba, kuma mutuwar ɗalibi a hannun waɗanda suke kiran kansu 'yan'uwansa abin kunya ne da babu tarihin da zai wanke shi. Inda na saɓa da shi shi ne a kan cewa haɗarin iri ɗaya ne. Ƙungiyoyin nan tara suna da rijista da hukuma, suna da hedikwata da adireshi, shugabanninsu zaɓensu ake yi a babban taro kuma kowa ya san sunayensu, ana iya kai su kotu, an kuma sha kai su. Abin da suke ɓoyewa shi ne kalmomin bikin shiga da ma'anar alamominsu, amma mamba ba ya ɓoye cewa shi mamba ne, a jikin motarsa ma yake liƙawa. Ba a karɓar ɗalibi sai makinsa ya kai wani matsayi, kuma jami'a tana da ikon dakatar da reshe ko ta kore shi, kamar yadda Jami'ar Southern ta yi bayan abin da ya faru a 2025. Mafi muhimmanci, dattawa ne suke riƙe da ragamar, mutanen da suke da aiki da suna da za su yi asara idan abu ya lalace. Namu sun rasa wannan: rassa suka ɓalle daga iyayensu, aka haramta su suka koma daji, 'yan siyasa kuma suka same su a matsayin 'yan bangar da za a ba makami. Tsakanin Alpha da Kappa akwai gasa da ba'a da tsokana, amma babu yaƙin ƙwace unguwa.

A kan batun fifiko, gaskiya ne talakawa ne suka yi tafiyar Montgomery, sai dai tafiyar ta ƙare ne da hukuncin kotu, kuma kotu tana buƙatar lauya, lauya yana buƙatar kuɗi da sanayya. A shirya gangamin neman 'yancin baƙaƙen fata na Washington na 1963 za ka tarar da Philip Randolph na Sigma, Bayard Rustin da Roy Wilkins na Omega, King da Whitney Young na Alpha, da Dorothy Height wadda ta shugabanci Delta daga 1947 zuwa 1956. Ba ƙungiyoyin ne suka kira gangamin ba, amma a cikinsu mutane da yawa irin waɗannan suka koyi gudanar da taro, rubuta rahoto, tara kuɗi da tsayawa takara, a lokacin da da wuya a sami majalisar gari a kudu da za ta ba baƙar fata kujera.

Batun Afirka kuwa gaskiya ne. Nnamdi Azikiwe, wanda ya yi karatu a Howard sannan ya kammala a Jami'ar Lincoln ta Pennsylvania a 1930, ɗan Phi Beta Sigma ne. Kwame Nkrumah ya isa Lincoln a 1935, bayan ya sami ƙarfafawa daga Azikiwe wanda a lokacin yake aikin jarida a Accra, kuma shi ma Sigma ya shiga. Ba zan ce ƙungiyar ce ta sa suka zama 'yan kishin ƙasa ba, domin da kishinsu suka tafi. Abin da za a iya cewa shi ne, saurayi baƙo daga ƙasar da Ingila ke mulka ya sami karɓuwa a cikin baƙaƙen fata masu ilimi, ya ga yadda suke tafiyar da jaridunsu da makarantunsu da kansu, kuma zumuncin ya ɗore: King yana cikin baƙin da suka halarci bikin 'yancin Ghana a Maris 1957. Zeta Phi Beta ce ta fara buɗe reshe a nahiyar, a Monrovia ta Laberiya a 1948, kuma Ellen Johnson Sirleaf, tsohuwar shugabar ƙasar Laberiya, mamba ce a Alpha Kappa Alpha.

Maman Khalil ta sake amsawa:

Baban Safiyya, gyara kaɗan: ina zaune a cikinsu ne, amma ni ba mamba ba ce, don haka abin da ake faɗa a ɗakin rantsuwa ba a gabana ake yi ba. Abin da yake a fili shi ne, waɗanda suka kafa ƙungiyoyin a coci suka tashi, har ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Omega, Edgar Love, ya zama bishop a cocin Methodist, don haka addu'o'in buɗe taro da waƙoƙinsu suna da ƙamshin Kiristanci, ko da yake ba sa sharɗanta addini wajen shiga. Na san Musulmi 'yan asalin ƙasar da suke ciki suna sallarsu da azuminsu, na kuma san Kiristoci masu tsantseni da suka fita suna cewa rantsuwar ta saɓa wa imaninsu. Wasu ɗalibai Musulmi sun zaɓi kafa tasu, kamar Alif Laam Meem da aka fara a Jami'ar Texas ta Dallas a 2013. Hukuncin yin alƙawari a kan abin da ba a bayyana maka ba tukuna tambaya ce ta malamai, kuma gara a yi ta kafin a biya kuɗin shiga, wanda shi ma ba kaɗan ba ne, ga kuma na shekara-shekara. A sani kuma cewa wanda ya shiga ɗaya daga cikin taran ba ya iya komawa wata daga baya.

Game da gwale-gwale, yanzu iyaye suna da hanyar bincike da ba su da ita a da. A Disamban 2024 aka sa hannu a kan dokar tarayya da ta wajabta wa jami'o'i bayyana rahoton irin waɗannan laifuka da sunayen ƙungiyoyin da aka samu da su, kuma jami'o'i da yawa suna wallafa jerin rassan da aka dakatar a shafukansu na intanet. Karɓar sababbi ta halal tana da ranakun da aka sanar, da takardu, da dattijo daga reshen manya da yake sa ido. Duk yaron da aka ce ya zo wani gida da tsakar dare, ya bar wayarsa a waje, kada kuma ya gaya wa kowa, to abin da ake shirin yi masa ya saɓa wa dokar ƙungiyar kanta da ta jihohi mafi yawa, kuma a jami'o'i da yawa ofishin kula da harkokin ɗalibai yana karɓar irin wannan ƙara ba tare da an bayyana sunan mai kawo ta ba.